Mayar da Hannu ga Aikinsa: Farillar Kifaya da Amanar Ƙwarewa a Kwarin Haɗeja

Gabatarwa

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba tsohuwa ce a tsakanin likitoci da malaman fiƙihu, wato yaushe ne za a ce majinyaci ya warke. Amsar da aka saba ji a asibiti ita ce ya warke idan zazzaɓi ya sauka, ko miki ya rufe, ko ƙashi ya haɗe, ko hawan jini ya daidaita, daga nan sai a rubuta masa takardar sallama. Amma manomin shinkafar da ɓarin jikinsa ya shanye, wanda aka ceto ransa aka sallame shi, yakan koma gida da hannun da ba ya riƙe lauje, ba ya ɗaga buta, ba ya kai lomar tuwo baki, kuma a wurinsa da wurin iyalinsa a ranar ce jinya ta gaskiya ta soma. Tsakanin sallamar asibiti da komawar mutum ga harkokinsa akwai tazara mai faɗi, kuma akwai wani fannin ilimi da aka gina domin cike wannan tazara, wanda za a kira shi a nan jinya ta hanyar aiki, ma'aikatan asibiti kuwa sukan taƙaita sunansa da haruffa biyu, O.T.

Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne cewa koyon wannan fanni farilla ce ta kifaya a kan al'ummar kwarin Haɗeja, wato wajibin da idan wasu suka tsaya da shi ya sauka daga wuyan kowa, idan kuwa kowa ya bar shi zunubin ya hau kan duk mai iko, sannan cewa cancanta a cikinsa tana da fuska biyu, ta makaranta da ta ƙasa, waɗanda ɗaya ba ta isa ba sai da ɗaya.

Ma'anar fannin da asalinsa

Kalmar aiki a wannan fanni ta fi sana'ar neman kuɗi faɗi, domin ta ƙunshi duk abin da mutum yake cika yininsa da shi: kula da kai kamar wanka da tsarki da sa tufafi da cin abinci, da neman abin masarufi kamar noma da su da girki da karatu, da kuma zumunci da ibada kamar zuwa jam'i da gaisuwar mutuwa da hira a dandali. Da wannan ne ya bambanta da gashin ƙashi, wanda jama'a suka fi sani, duk da cewa fannonin biyu abokan tafiya ne. Mai gashin ƙashi ya fi mayar da hankali ga gaɓa da tsoka, yana auna ƙarfinsu da iyakar motsinsu, shi kuwa mai jinya ta hanyar aiki yakan soma ne da tambayar abin da majinyaci yake buƙatar yi da wannan gaɓa, sannan ya nemi hanya ta ƙofofi uku: ko ya horar da mutumin har ƙarfinsa ya kai ga aikin, ko ya sauya yadda ake yin aikin, ko ya gyara kayan aiki da muhallin da ake yinsa. Idan yatsu ba sa iya damƙe cokali, sai a ƙara wa mariƙinsa kauri da roba. Idan gwiwa ba ta iya tsuguno, sai a ƙera kujera mai rami a kan masai. Idan dokin ƙofa ya hana keken guragu shiga zaure, sai a yi masa gangara.

Tunanin cewa aiki magani ne ya yi ƙarfi a Turai a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Philippe Pinel a birnin Faris da William Tuke, wanda ya buɗe gidan jinyarsa a York ta ƙasar Ingila a 1796, suka nuna cewa masu taɓin hankali sukan samu sauƙi idan aka cire musu mari aka ba su abin yi. A 1917 aka kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a garin Clifton Springs na Amurka, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya mayar da dubban sojoji gida da naƙasa, shi ya gaggauta yaɗuwarta, har aka kai ga kafa tarayyar masu sana'ar ta duniya a 1952. A Nijeriya ma an ga makusancin wannan tunani a 1954, sa'ad da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya soma tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke zaune da danginsu a gidajen mutanen ƙauye, suna karɓar magani suna kuma shiga harkokin gari, abin da ya nuna cewa tushen fannin ba baƙo ba ne ga zaman jama'ar Afirka.

Jiki da aiki a kwarin Haɗeja

Kogin Haɗeja, wanda ruwansa yake fitowa daga kogin Kano da na Calawa, yana ratsa Wudil da Ringim kafin ya iso Haɗeja, daga nan ya rarrabu ya malale a fadamun Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru, kuma rayuwar mutanen wannan yanki tana juyawa ne da hawan ruwan da saukarsa. Da damina ana noman gero da dawa a kan jigawa da shinkafa a kwari, idan ruwa ya soma ja da baya masunta su baza koma da taru da mali, da rani kuma a koma ga alkama da tattasai da albasa da tumatir a filayen ban-ruwa irin na Auyo, yayin da makiyaya suke saukowa neman ɗanyar ciyawa, mata kuma suna turara shinkafa da bandar kifi da saƙar tabarma da faifai da kabar goruba. Gida ɗaya yakan taɓa biyu ko uku daga cikin waɗannan sana'o'i a shekara guda, kuma kusan dukkansu da ƙarfin damtse da ƙwarewar yatsa ake yinsu, a kan lokacin da ba ya jiran kowa, domin wanda dashen shinkafa ya wuce shi yana kwance, shekarar ce gaba ɗaya ta wuce shi.

A irin wannan ƙasa naƙasa tana shigowa ta ƙofofi da yawa. Akwai shanyewar ɓarin jiki da hawan jini yake haifarwa, da karayar da haɗarin babur yake bari, da yatsun da injin casa ko na niƙa yake cinyewa, da ƙunar wuta da takan ƙanƙance fata ta naɗe hannu, da kuturta da takan kashe jin zafi har mutum ya ji rauni bai sani ba, da sanƙarau da yakan bar yaro da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa, da doguwar naƙuda wadda takan bar jariri da sandarewar gaɓoɓi, ta bar uwa da yoyon fitsari, wani lokaci har da ƙafar da ba ta ɗaguwa, irin matan da ake yi wa aiki a asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2008. Ko cutar shan inna, wadda aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Afirka a watan Agusta na 2020, ta bar manya da matasa da za su rayu da sakamakonta shekaru masu yawa. Ambaliya irin ta 2020 da ta 2022 kuwa ta nuna cewa wanda ba ya iya tafiya da ƙafarsa shi ne ya fi kowa shiga haɗari ranar da ruwa ya ci gari.

Mutanen yankin sun san wani abu da ya yi kama da wannan matsala a jikin koginsu. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi, har ya zama ruwa yana nan a kogi amma ba ya isa gonar da take jiransa, sai an fito da gayya ko da injina an share masa hanya. Haka ran da aka ceto a asibiti yake: yana nan, amma an toshe tsakaninsa da aikinsa, kuma share wannan hanya aiki ne mai zaman kansa, da masu yinsa da iliminsa.

Ƙaddara, haƙuri da sadaka

Ƙalubale na farko da wannan ra'ayi yake fuskanta ya fito ne daga wuri mai daraja, wato imani da ƙaddara. Ana iya cewa naƙasa jarrabawa ce daga Allah, kuma abin da ya dace da bawa shi ne haƙuri da miƙa wuya, don haka fafutukar mayar da hannun da ya shanye ga aiki tamkar jayayya ce da hukunci. Amsar malamai a kan wannan a fili take, domin haƙuri aikin zuciya ne da harshe, yana hana fushi da hukuncin Allah da ƙorafi a kansa, amma ba ya soke riƙo da sababi, wato bin hanyar da Allah ya sanya ta zama dalilin samuwar abu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya bayyana wa sahabbai cewa kauce wa cutar shi ma a cikin ƙaddara yake. Manomin Auyo da ya yi imani cewa arziki na Allah ne bai taɓa fahimtar hakan a matsayin izinin barin gona babu shuka ba, kuma babu dalilin da zai sa a ba jiki wani hukunci dabam da na gona.

Ƙalubale na biyu ya fi na farko nauyi, domin yana cewa al'ummar Hausawa ta riga ta yi wa naƙasassu tanadi. Akwai sadaka da zakka, akwai ɗawainiyar dangi, akwai sarautun gargajiya irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare waɗanda suke ba masu lalura murya a fada, sannan gwamnatin Jigawa a 2007, a zamanin Gwamna Sule Lamido, ta fito da tallafin Naira 7,000 a kowane wata ga masu buƙata ta musamman. Wannan tanadi abin yabo ne, domin ya tabbatar da cewa ba a jefar da mutum saboda jikinsa ya gaza. Sai dai yana da iyaka guda, ita ce yakan zaunar da mai lalura a ɓangaren karɓa har ƙarshen rayuwarsa, alhali tarihin farkon Musulunci ya nuna wani matsayi da ya fi wannan. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da farkon Suratu Abasa ya sauka saboda shi, ladani ne a masallacin Annabi, kuma an sha barin sa ya wakilci Annabi a Madina. Amru ɗan Jamuhu, wanda yake da gurguntaka, ya nemi a bar shi ya fita yaƙin Uhudu, aka kuwa bar shi. Aɗa'u ɗan Abi Rabaha, wanda masu tarihi suka siffanta da lalurori a jikinsa, shi ne ya zama mai ba da fatawa a Makka a zamanin tabi'ai. Abin da ya sa ake tunawa da waɗannan mutane shi ne an ba su gurbi sun tsaya a cikinsa. A wani hadisi da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Zarri, an lissafa taimakon mai sana'a a kan sana'arsa da yi wa wanda ba ya iya yi a cikin manyan ayyukan alheri, kuma da wuya a samu bayanin da ya fi wannan dacewa da fannin da ake magana a kansa.

Dalilin zamansa farillar kifaya

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya likitanci da lissafi a cikin ilmummukan farillar kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddini, ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa, a kan hujjar cewa duk abin da zaman duniya ba ya daidaita sai da shi, wajibi ne a samu mai tsayawa da shi a kowane gari, har ma ya koka da yadda ɗaliban zamaninsa suke cunkushewa a kan rassan fiƙihu alhali garuruwansu babu likita Musulmi. Imam Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya tsara manufofin shari'a a kan kiyaye addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, kuma idan aka ɗora jinya ta hanyar aiki a kan wannan ma'auni za a ga ta taɓa kusan dukkansu: tana mayar da mutum ga alwala da sallarsa, tana kare shi daga gyambon kwanciya da faɗuwa, tana tsare hankalinsa daga baƙin cikin zaman banza, tana riƙe gidansa daga watsewa, tana kuma hana gonarsa salwanta. Malaman Daular Usmaniyya sun bi wannan sawu, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da ciwon ido da basir, ya kuma rubuta a kan hukuncin neman halal da wajibin shugaba na raya masu sana'a, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya haɗa maslahar addini da ta jiki a cikin littafi guda.

Idan wannan hukunci ya tabbata, sakamakonsa yana da nauyi, domin farillar kifaya ba ta sauka da samuwar masani a wata ƙasa mai nisa, sai an samu wanda mabuƙaci zai iya kaiwa gare shi. Masu wannan sana'a kaɗan ne ƙwarai a Nijeriya, kuma akasarinsu suna manyan asibitocin birane, ga shi mutumin Birniwa ko Guri yana buƙatar tafiyar sa'o'i da kuɗin mota mai yawa kafin ya isa asibiti irin na ƙashi da ke Dala a Kano, alhali wannan jinya ta watanni ce, kuma rabinta a cikin gida ake yinsa. Saboda haka wajibin yana nan a wuyan duk mai iko a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja: uban da zai iya barin ɗansa ya karanci fannin, da attajirin da zai iya kafa waƙafi domin ɗaukar nauyin ɗalibai, da malamin da zai iya bayyana hukuncin a kan mumbari, da hukumar da za ta iya buɗe gurbin aiki a asibitocinta. Wajibin ya haɗa da horar da mata, domin aiki ne da yake shiga har cikin ɗaki, ya taɓa tsarki da sutura, kuma macen da take cikin lalura ba za ta saki jiki ta koyi waɗannan abubuwa a hannun namiji ba.

Hanyar cancanta da amanar da ke cikinta

Wanda ya yi niyyar sauke wannan nauyi yana da doguwar hanya a gabansa. Zai fara da kiredit a darussan kimiyya da lissafi da Turanci a jarrabawar kammala sakandare, ya ci jarrabawar JAMB, sannan ya yi shekara biyar a jami'a, kamar yadda ake yi a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wadda ta yi fice wajen koyar da fannin a matakin digiri, ko kuma ya nemi difloma a Makarantar Tarayya ta wannan fanni da ke Oshodi a Legas. A cikin waɗannan shekaru zai karanci ƙirar jikin ɗan Adam, da yadda gaɓoɓi da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suke aiki, da halayyar ɗan Adam, da cututtukan yara da na ƙashi da na hankali, sannan ya koyi abin da ya keɓanta da fanninsa, wato warware aiki ɗaya zuwa ƙananan motsinsa domin a gane daidai inda majinyaci yake tsayawa. Tarayyar masu sana'ar ta duniya ta sharɗanta aƙalla sa'o'i 1,000 na aiki da majinyata a ƙarƙashin idon gwani kafin ɗalibi ya kammala. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, da shekarar hidimar ƙasa, da kuma lasisi daga hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka ta 38 ta shekarar 1988 domin rajistar masu farfaɗo da majinyata da sa ido a kan aikinsu.

Mai karatu zai iya tambayar dalilin wannan tsauri a kan sana'ar da a zahiri ba ta wuce koya wa mutum riƙe cokali ba. Amsar ita ce jahilci a nan yana cutarwa kamar yadda yake cutarwa a ɗakin tiyata, ko da yake a hankali yake yi. Kafaɗar da ta shanye tana iya gocewa idan aka ja ta da ƙarfi da sunan motsa jiki. Wanda shanyewar jiki ta taɓa masa haɗiya yana iya shaƙewa da kunun da aka ɗura masa cikin ƙauna. Keken da bai dace da jikin mai shi ba yakan haifar da gyambon da zai iya kai shi kabari. Hannun da ba ya jin zafi yakan ƙone a ruwan gashi mai shi yana kallo. Shari'a ta riga ta yi hukunci a kan irin wannan, domin a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito an ɗora lamuni, wato biyan abin da aka ɓata, a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, kuma mazhabar Malikiyya ta shahara da ɗora lamuni a kan masu sana'a domin kare jama'a. A shekarar 931, bayan wani majinyaci ya mutu ta dalilin kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin likitanci a Bagadaza sai wanda Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi ya ba shi izini. Lasisin zamani, ke nan, jikan wannan tsari ne, kuma ɗan'uwan ijazar makarantun zaure ne, inda malami ba ya ba ɗalibi izinin karantarwa sai ya zauna a gabansa shekaru ya ga fahimtarsa da halinsa. Wanda ya sayi takarda ko ya yi satar amsa a wannan fanni ya ci amanar mutanen da bai riga ya gani ba.

Ilimi na biyu, wanda ƙasa take koyarwa

Duk da haka takardar jami'a rabin cancanta ce, domin yawancin littattafan fannin an rubuta su ne ga gidaje masu teburi da gado mai tsawo da famfo a cikin ɗaki, alhali majinyacin Kirikasamma a kan tabarma yake kwana, a murhu ake masa girki, da guga ake jawo masa ruwa, kuma tsakar gidansa rairayi ne da rani, taɓo da damina, inda keken asibiti mai ƙananan ƙafafu yake nutsewa. Wanda bai taɓa lura da yadda ake riƙe lauje a yankan shinkafa ba, ko yadda ake jefa birgi daga kwalekwale, ko yadda mace take ɗaga taɓarya, ba zai iya warware waɗannan ayyuka zuwa ƙananan motsinsu ba, balle ya san wanda za a iya sauyawa. Wanda ya san su kuwa zai ga cewa kayan jinya suna kewaye da shi: saƙar kaba da ɗinkin hula da gyaran koma da jan carbi duk horo ne ga yatsu, maƙeri da mai walda da kafinta da baduku kuma za su iya ƙera mariƙi da maɗauri da kujera a farashin da talaka zai iya biya. Zai kuma gane cewa masuncin da ba ya iya tuƙa jirgi zai iya komawa gyaran taru ko bandar kifi, manomin da ba ya iya duƙawa zai iya kula da injin ban-ruwa ko awo a kasuwa, ta yadda kowannensu zai zauna a cikin sana'ar da aka san shi da ita.

Wani ɓangare na wannan ilimi fiƙihu ne. Sau da yawa abin da ya fi damun dattijon da ya shanye shi ne tsarki da alwala da salla, da kunyar sa hannun hagu a akushin da ake ci tare. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Haɗeja, irin su Ahalari da Risala, sun yi bayanin taimama da sallar maras lafiya a zaune ko a kishingiɗe, kuma ƙa'idar shari'a ce cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ma'aikacin da ya san waɗannan hukunce-hukunce, ko ya san lokacin da ya kamata ya gayyato limamin unguwa, zai iya cire wa majinyaci nauyin da babu wani motsa jiki da zai cire shi, kuma daga ranar da mutum ya iya yin alwala da kansa ba tare da ya kira ɗansa ba, yakan soma yarda cewa sauran ayyukan ma za su yiwu.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Akwai haɗari guda da ya wajaba a yi gargaɗi a kansa, shi ne kada girmama aiki ya kai ga auna darajar mutum da abin da hannunsa yake samarwa. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya tabbatar da karramawar 'ya'yan Adamu ba tare da sharaɗin lafiya ko ƙarfi ba, kuma hadisi ingantacce ya nuna cewa bawan da rashin lafiya ya hana shi aikin alherin da ya saba, ana ci gaba da rubuta masa ladansa. Saboda haka daraja tana gaba da aiki, kuma ana mayar da mutum ga aikinsa ne domin shi mai daraja ne tun farko. Akwai majinyatan da ba za su sake komawa gona ba har abada, akwai yaran da iyakar abin da za a cim ma a kansu shi ne su iya zama su riƙe wuyansu su kalli fuskar uwarsu, akwai tsohuwar da burinta bai wuce ta iya zama a kan darduma ta ɗauki jikanta a cinya ba. Waɗannan manufofi cikakku ne, kuma majinyaci da iyalinsa ne suke da haƙƙin zaɓar su, ma'aikaci kuwa hidima yake yi wa zaɓin. Ɗalibin da bai koyi wannan ladabi ba, ko da ya fi kowa maki, bai cancanci a ba shi hannun kowa ba.

Kammalawa

Amsar tambayar farko, ke nan, ita ce majinyaci ya warke idan ya koma ga gwargwadon abin da zai iya na ibadarsa da kula da kansa da sana'arsa da zamansa a cikin mutane, ko da gaɓar ba ta koma yadda take ba. Kai shi ga wannan matsayi ilimi ne da ake koyo a tsawon shekaru, a tabbatar da shi da jarrabawa da lasisi, sannan a cika shi da sanin gona da kogi da murhu da buta. Halal ne ga wanda ya kammala ya nemi aiki a Legas ko Saudiyya ko Ingila, amma tafiyarsa tana barin farillar a inda take, kuma hakan yana wajabta wa masu iko su tanadi gurbi da albashin da za su zaunar da shi a gida. Daga ranar da ɗalibin sakandare a Haɗeja ko Kafin Hausa ya zaɓi wannan hanya zuwa ranar da zai fara aiki da lasisinsa, za a yi aƙalla shekara shida ko bakwai, kuma a cikin kowace shekara daga cikinsu kogi zai cika ya ja baya, wasu hannuwa kuma za su shanye su jira. Masunta, waɗanda suke hawa gora su shiga ruwa, sun fi kowa sanin cewa ba a fafe gora ranar tafiya.